Yadda Ake Girka Rivendell a Gidan Rediyon Al'umma a Kano

Yawancin ƙananan gidajen rediyo, na al'umma ne ko na makaranta, da kwamfuta ɗaya suke soma aiki. Waƙoƙi a jibge wuri guda, talla a wani lungu, mai gabatarwa yana lalubo kowane abu da hannu yana dannawa. Muddin akwai mutum a kan kujera, ba a ganin aibin tsarin. Sai ƙarfe biyun dare ake ganinsa, ko ranar da mai shiri ya maƙale a cunkoson Kurna, ko lokacin da mai talla ya shigo yana tambayar sau nawa aka sa tallarsa makon jiya, a rasa takardar da za a miƙa masa.

Manhajar sarrafa shirye-shirye ita ke ɗauke wannan nauyi. Tana riƙe da duk sautin tashar, tana bin jadawalin yini daƙiƙa bayan daƙiƙa, tana kuma rubuta abin da ya fita da lokacin da ya fita. Akwai na sayarwa masu tsada, akwai kuma waɗanda masu su suka saki kyauta har da rubutun da aka gina su da shi, kowa ya ɗauka ya yi aiki, ya gyara in ya iya. Girka irin wannan manhaja aikin wuni ɗaya ne. Inda ake shan wahala shi ne wajen koya mata yinin Kano: lokutan salla da ke motsawa, sanarwar ɗaurin aure da ke da wa'adi, da wutar da ba ta sallama kafin ta tafi.

Abu ɗaya tun da wuri. Manhaja ba ta maye gurbin lasisin Hukumar NBC, wadda ke kula da gidajen rediyo da talbijin tun 1992, kuma kasancewarta kyauta bai sa waƙoƙin mutane sun zama na kyauta ba. Wannan lissafi ne daban tsakaninku da masu haƙƙi.

Wacce za a zaɓa

Sunaye huɗu za ka fi ji. AzuraCast ta rediyon intanet ce zalla. Mixxx ta mai haɗa kiɗa ce a zaune, ba ta riƙe tasha dare da rana. LibreTime, wadda ta ɓalle daga Airtime a 2017, ta burauza ake sarrafa ta, tana da sauƙin koyo, ta kuma dace da tashar da masu shirye-shiryenta ke turo aiki daga gida. Sai Rivendell, wadda Fred Gleason ya soma rubutawa a Amurka tun 2002, kamfanin Paravel Systems ke kula da ita yanzu. A kan Linux take aiki, wato tsarin tafiyar da kwamfuta na kyauta da ke zama a madadin Windows, don situdiyon FM aka gina ta, kuma da zarar an girka ba ruwanta da intanet. Ga tashar da ke da mikisa da makirufo da masu buga waya kai tsaye, ita nake ba da shawara. Fuskarta ba ta da ado, kuma makon farko sai an daure mata, amma ba ta gajiya.

Kayan da za a tanada

Kwamfutar tebur ta hannu ta wadatar, irin Dell ko HP da ake samu a Beirut Road: Core i5, RAM mai gigabait 8, SSD ƙarami don Linux, da wani rumbun ajiya na daban mai terabait 1 ko fiye don sauti. Ga lissafin: sauti mara matsi, siteriyo, a kan 48000, yana cin kusan megabait 690 a awa guda, wato terabait 1 zai ɗauki awa 1,400 da ɗoriya. Kada ka yi da laftof. Zafin Afrilu a ɗakin da ba ya samun iska sosai yana gama da ita, kuma gyaranta ya fi wuya.

Kafin ka bar shagon, ka sa a canza ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke kan allon kwamfutar, CR2032 sunansa. Shi ke riƙe agogo idan babu wuta. In ya mutu, duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo kwamfutar za ta farka a wata shekara daban, jadawali kuwa da agogo yake tafiya.

Sai katin sauti. Na jikin kwamfutar yana fitar da sauti, amma da ƙugi da tsaki. Ka nemi na USB, irin Behringer ko Focusrite, waɗanda Linux ke ganewa ba tare da an girka musu komai ba. In da hali a samu mai mafita biyu na siteriyo, ɗaya ta tafi iska, ɗaya ta zama ta saurare a ɓoye kafin a saki abu. Ka haɗa da UPS ko da kuna da inbata da sola, saboda ɗan tsaikon da ake samu wajen juyawa zuwa janareta ya isa ya kashe kwamfuta. Filashi mai gigabait 8 ita ce ta ƙarshe.

Girka Linux

Ka fara shiga shafin Paravel ka ga wane Linux suka ce a yi amfani da shi. Rivendell ta 4 ta fito ne da Ubuntu 22.04 da Linux Mint 21, kuma abin da shafin ya ambata a ranar shi za ka bi, ba wanda ya fi sabunta ba. Ka sauke shi, ka ɗora a filashi da Rufus ko balenaEtcher, ka tayar da kwamfutar daga filashin.

Wajen girkawa wurare uku ne ke buƙatar nutsuwa. Sunan mai amfani ya zama `rd`, da ƙananan haruffa. Sunan kwamfutar ya zama gajere, kamar `situdiyo1`, kuma kada a sake taɓa shi, domin da wannan suna Rivendell ke gane saitin na'urar. In aka canza, sai ta tashi kamar ba ta taɓa sanin katin sautinka ba. Na uku, ka zaɓi ta riƙa shiga da kanta ba tare da neman kalmar sirri ba. Yankin lokaci Legas ne. Bayan ta tashi, buɗe Terminal, wato tagar rubuta umarni, ka tabbatar:

`timedatectl`

In ba ka ga Africa/Lagos ba, sai ka rubuta:

`sudo timedatectl set-timezone Africa/Lagos`

Daga nan ka kashe barcin kwamfuta, da kulle allo, da ƙararrakin sanarwa. Rumbun sautin nan na biyu kuma a ɗaura shi a kan `/var/snd`, don nan ne Rivendell ke zuba komai. In ba ka saba da wannan ba, a nan ne ya kamata ka kira wanda ya san Linux ya zauna kusa da kai. Ɗaliban kwamfuta na BUK da yawa sun iya.

Girka Rivendell kanta

A shafin nasu akwai ɗan fayil mai suna `install_rivendell.sh`. Ka sauke shi, ka shiga inda yake a Terminal, ka rubuta waɗannan bi da bi:

`chmod +x install_rivendell.sh`

`sudo ./install_rivendell.sh`

Zai tambaye ka iri uku. Standalone na kwamfuta ɗaya ce mai ɗauke da komai. Server da Client na tashar da ke da situdiyo biyu ko fiye ne, inda ɗaya ke riƙe sauti sauran na ɗiba ta waya. Ka ɗauki na farko. In tashar ta girma a faɗaɗa. A wannan mataki ne kaɗai ake buƙatar intanet mai ƙarfi, don haka a yi shi lokacin da layi ya lafa, kuma a kan inbata. Idan ya gama, kashe ka kunna.

Za ka tarar ba manhaja ɗaya ba ce, ayari ne. RDAdmin na saiti, RDLibrary ɗakin ajiyar sauti, RDLogManager mai haɗa jadawali, RDLogEdit mai gyara shi, RDCatch mai aikata abu a kan lokaci, sai RDAirPlay, wadda ita mai gabatarwa ke kallo. Buɗe RDAdmin da sunan `admin`, babu kalmar sirri. Abu na farko da za ka yi shi ne ka sa masa ita.

A ji sauti tukuna

Kada ka zuba waƙa ko ɗaya sai ka ji ƙara a lasifika. Soka katin sautin, buɗe RDAlsaConfig, zaɓi katin na USB kaɗai ka adana. A RDAdmin shiga Manage Hosts, zaɓi sunan kwamfutarka, danna RDAirPlay, ka nuna wa kowace mafita katin da za ta bi: Main Log zuwa wadda ke tafiya mikisa, Cue zuwa ta saurare. Rivendell na zuwa da sautin gwaji a lamba 999999. Buɗe RDAirPlay, danna Add, ɗauko wannan lamba, ka sake ta. In allurar mikisa ta motsa, ka haye.

In ka ji ƙugi a ƙarƙashin sautin, galibi kwamfuta da mikisa ba wuta ɗaya suke sha ba, ko babu wayar ƙasa mai kyau. A haɗa su a soket ɗaya, a gajarta wayoyin sauti, a nisanta su da na tiransimita. Wayar ƙasar nan kuma kada a yi mata ƙwauro, damina na zuwa da tsawa, eriya kuwa ita ce mafi tsawo a unguwar.

Ka kuma duba System Settings ka tsayar da ma'aunin sauti, 48000 ya yi, tun kafin a shigo da komai. Canza shi bayan an cika rumbu ciwon kai ne.

Tsara ɗakin ajiya

A nan tashoshi suka fi yin garaje, kuma a nan ya kamata a zauna da shugaban shirye-shirye da mai karɓar talla, da takarda da biro, kafin a taɓa kwamfuta.

Rivendell ba ta san fayil ba, mazubi ta sani. Abin da allon ke kira Cart mazubi ne mai lamba shida, Cut kuma yankin sautin da ke cikinsa. Mazubi ɗaya na iya ɗaukar yanki da yawa, ta riƙa juya su. Mai maganin sauro ya kawo talla iri uku, biyu da Hausa ɗaya da Fulatanci? Mazubi ɗaya za ka ba shi, jadawali ya kira lamba ɗaya, ita kuma ta fitar da su bi da bi.

Kowane mazubi yana ƙarƙashin rukuni. Tana zuwa da nata, irin su MUSIC da TRAFFIC da IDENTS, amma ka ƙirƙiri naku a Manage Groups da sunayen da ma'aikata za su gane da kallo ɗaya, kowanne da zangon lambobinsa da launinsa. Misali WAKOKI daga 100000 zuwa 199999, KARATU daga 200000, WAAZI, SHIRI, TALLA, SANARWA, LABARAI, da SHAIDA don jingil da kiran sunan tasha. Ka tabbata ka buɗe wa kowane rukuni hanyar shiga jadawalin tashar a wurin Services, in ba haka ba za ka zuba kaya su ƙi fitowa. Karatun Alƙur'ani da wa'azi lallai su zauna a rukuninsu daban. Idan suka cakuɗe da waƙoƙi, ranar da na'ura ta zaɓo da kanta za ta jera abin da zai sa a kira manaja daga masallaci.

Ku yanke shawara ɗaya kan rubutu. Manhajar na karɓar ƙ da ɗ da ɓ, amma idan wani ya rubuta da lanƙwasa wani ya rubuta babu, mai nema zai iya samun rabi ya rasa rabi. Haka sunan mawaƙi: in an rubuta Shata a nan, Mamman Shata a can, Dr. Mamman Shata a gaba, na'ura mutum uku ta gani, kuma za ta iya jera su a jere tana ganin ta raba.

Rukunin SANARWA shi ya fi kowanne amfana da wa'adi. A cikin kowane yanki akwai wurin sa ranar farawa da ranar ƙarewa, har da awa da ranakun mako. Sanarwar ɗaurin auren da za a yi Asabar ƙarfe 11:00 na safe, a sa ta mutu Asabar ƙarfe 10:30. Cigiyar yaro a ba ta kwana biyu, in ba a gan shi ba a sabunta. Ta rasuwa da jana'iza awoyi kaɗan ne. Duk wanda ya shigar da sanarwa bai sa mata wa'adi ba, bai gama aikinsa ba. Wannan doka ce da ya kamata a manna a bango. Lokacin zaɓe kuma ita ce kariyarku, tunda dokar zaɓe ta hana watsa tallar 'yan takara cikin awa 24 kafin ranar jefa ƙuri'a. Tun ranar da aka karɓi tallar a sa mata lokacin mutuwa, kada a dogara da tunin mai aikin dare.

Zuba sauti

Guda ɗaya ɗaya, ta RDLibrary ake yi: Add, zaɓi rukuni, Import. Tana daidaita ƙarfin sauti da kanta, tana kuma yanke shirun farko da na ƙarshe. In kuwa dubbai ne, Terminal ya fi sauri. Ka gyara sunayen fayilolin su zama mawaƙi, gajeren layi a kwance (-), sunan waƙa, sannan:

`rdimport --verbose --segue-level=-10 --metadata-pattern="%a - %t.mp3" WAKOKI *.mp3`

Wannan zai ba kowace waƙa mazubinta, ya cike suna, ya kuma sa alamar inda ta gaba za ta shigo yayin da wannan ke dusashewa. Fara da guda ashirin ka saurara kafin ka saki sauran. Kuma ka tace. Waƙar da ta bi ta waya biyar kafin ta iso, ko wadda mai turawa a kasuwa ya liƙa wa muryarsa da lambar wayarsa a tsakiya, ba ta iska ba ce. Tsofaffin waƙoƙin gargajiya masu minti ashirin zuwa talatin a ware musu alama tasu a Scheduler Codes, misali DOGUWA, don kada su faɗo cikin gurbin minti biyar.

Rahoton wakilai yawanci ta WhatsApp yake zuwa, a sigar opus. A juya shi tukuna:

`ffmpeg -i rahoto.opus -ar 48000 rahoto.wav`

Ga abin da ake sabuntawa kullum, kamar labarai ko farashin kasuwa, akwai dabarar Dropbox a Manage Hosts. Ba ta da alaƙa da kamfanin da ke da wannan suna. Folda ce da manhajar ke gadi: duk abin da aka jefa ciki sai ta ɗauke ta zuba a mazubin da ka nuna, ta share na jiya. Edita ya gama a Audacity, manhajar gyaran sauti, ya ajiye a foldar, shi ke nan.

Agogo da jadawali

RDLogManager hawa uku gare ta. Event gurbi ne guda: waƙa ɗaya daga WAKOKI, ko shaidar tasha, ko hutun talla. Clock awa ɗaya ce da aka jera gurabe a cikinta. Grid kuma mako ne cur, awa 168, kowace da agogon da aka ɗora mata. Ka soma da gurabe kaɗan. Na waƙa, ka zaɓi Select from, ka nuna rukuni, ka sa tazarar da za a bari kafin a maimaita waƙa ko mawaƙi. Na shaidar kan awa, ka sa mazubin kai tsaye, ka ba shi tsayayyen lokaci.

Tsayayyen lokacin nan zaɓi uku ne. Start immediately na katse duk abin da ke tafiya. Make next na jira ya ƙare. Wait up to na ba shi ɗan jinkirin da ka ƙayyade sannan ya katse. Shaidar kan awa ta isa da na biyu. Haɗawa da labaran wata tasha sai na farko, don su ba za su jira ka ba.

Kowace awa ka cika ta har ta ɗan yi ambaliya. Waƙar da ta rage za a tsallake ta idan tsayayyen lokaci ya zo, amma in kaya suka ƙare da saura minti huɗu, shiru za a ji.

Sai kiran salla, wanda babu littafin Rivendell da zai koya maka. Gurbi a agogo minti ɗaya yake riƙewa, rana kuwa ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A Kano, tsakiyar Nuwamba rana na faɗuwa daf da ƙarfe 6:00, farkon Yuli kuwa sai 7:00 saura 'yan mintuna. Kusan awa guda ke nan tsakani, kuma wajen Satumba da Oktoba tana gudu da mintuna da dama a mako. Abin yi shi ne kowace salla a ba awarta agogo na musamman, ASUBA, AZAHAR, LAASAR, MAGARIBA, ISHA, a kuma ɗora wa mutum ɗaya, da sunansa, alhakin matsar da gurbin duk mako bisa jadawalin lokutan da tashar ta amince da shi. A tuna da 'yan makonnin da Magariba ke faɗowa kafin 6:00, sai gurbin ya koma agogon ƙarfe biyar.

Abin da ke gaba da kiran da abin da ke bayansa su ma a duba. In ka sa ya katse, to kada abin da zai katse ya zama karatun Alƙur'ani, a yanke aya a tsakiya. Ka tanadi gajerun abubuwa masu daƙiƙa 10, 20, 30 da 60, tunatarwa ko shaidar tasha mara kiɗa, ka sa su a Autofill, manhajar ta riƙa cike giɓin da su har lokaci ya yi. Bayan kiran kuma gurbi na gaba kada ya ɗebo daga WAKOKI.

Don azumi, kada ka rushe tsarin shekara. Ƙirƙiri Service na biyu, wato wani tsarin shirye-shirye daban, ka kira shi AZUMI, da nasa makon: sahur, tafsiri, shirin buɗa-baki. Ranar da aka ga wata a koma kansa, bayan salla a dawo. Amma kiran Magariba a watan Ramadan, ni dai ra'ayina mutum ya danna shi da hannunsa. Akwai gidajen da da rediyo suke shan ruwa, kuma minti biyu na kuskuren agogo ba ƙaramin abu ba ne a wannan wata.

Idan mako ya cika, danna Generate Logs ka haɗa na gobe. Za ta nuna maka jerin matsaloli, mazubin da babu komai ko wanda wa'adinsa ya wuce. Ka karanta, kada ka rufe kawai. A saitin Service ka kunna Insert CHAIN TO at log end, don jadawalin yau ya miƙa wa na gobe da tsakar dare. Wanda ya iya cron, mai gudanar da umarni a kan lokaci a Linux, zai iya sa wannan ya riƙa gudana kowace yamma:

`rdlogmanager -g -s SUNAN_TASHA -d 0`

A wurin SUNAN_TASHA ka sa sunan Service ɗinka. Na gobe yake haɗawa. Duk da haka a riƙa ajiye na kwana biyu ko uku a gaba.

Idan an ɗauke wuta

Burin shi ne tashar ta tashi da kanta ko babu kowa. A BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Linux ya tashi, ka nemi inda aka ce me za a yi in wuta ta dawo, ka sa Power On. Shiga ba kalmar sirri ka riga ka yi. Ka sa RDAirPlay cikin manhajojin da ke buɗewa da kansu. A saitinta kuma, a RDAdmin, ka zaɓi ta ɗauko jadawalin da take kai, ka kunna Restart Log After Unclean Shutdown, yanayin farawa ya zama Automatic.

Sannan ka gwada da gaske, tun ba a hau iska ba: tana cikin waƙa ka zare wayar wuta, ka mayar, ka naɗe hannu. In sauti bai dawo ba sai da ka taɓa wani abu, da sauran aiki.

Kwamfutar kada ta zauna a ƙasa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na toshe fankarta, sai zafin Maris ya zo ya tarar da ita a shaƙe. A buɗe a hure ta da abin hura iska akai-akai, a kashe.

Masu gabatarwa

Allon duk Turanci ne, amma abin da mai shiri ke buƙata kaɗan ne: Start, Add, Del, Move, da maɓallin yanayi. Maɓallan gefe na SoundPanel kuwa kai ke rubuta musu suna, sai ka sa Taken Shiri, Tafi, Sallama, kowane mai shiri da shafinsa.

Yanayin ne ke kawo matsala. A Automatic komai na tafiya da kansa. A LiveAssist da Manual babu abin da ke tashi sai an danna, har tsayayyen lokaci ba ya aiki. Mai shirin dare ya yi sallama da masu sauraro, ya manta bai mayar ba, ya hau babur, waƙar ƙarshe ta ƙare, shiru har asuba. Maganinsa mazubin umarni, wato Macro Cart, mai layi ɗaya:

`PM 2!`

Ka sa RDCatch ta harba shi 'yan mintuna bayan ƙarshen kowane shiri na kai tsaye. Tana komawa Automatic, tsayayyen gurbi na gaba zai tayar da tafiya.

Kowa a ba shi sunansa a Manage Users, kuma ikon share mazubi ya tsaya a hannun mutum biyu. Akwai kuma hanyar naɗar muryar mai gabatarwa tsakanin waƙoƙi tun da rana a sake ta da dare, a RDLogEdit take. Tana da amfani, amma kada a ce wa mutane kai tsaye ne. Mai sauraron Kano da waya a hannu yake saurare, zai kira, in ba a ɗauka ba ya gane. Na'urar ta riƙe dare da giɓi, shirye-shiryen da jama'a ke magana a cikinsu a bar wa mutane.

Kada a sauya rana ɗaya. A fara ba ta dare, tsohon tsari na rana, har hannu ya faɗa. Ko bayan nan a bar wata 'yar na'ura ko tsohuwar waya cike da shirye-shirye a jone da layi ɗaya na mikisa.

Shaida, da ajiyar ko-ta-kwana

A RDAdmin ka tsara rahoton rukunin TALLA, ka riƙa fitar da shi ta RDLogManager. Shi ne takardar da za ka miƙa wa mai talla: rana, awa, minti. Naɗar abin da ya fita iska kuwa, wadda ƙa'idar NBC ta wajabta ajiyewa, ya fi kyau a yi ta daga ƙaramar rediyo da ke kama tashar, a jona da wata tsohuwar kwamfuta. Ta haka abin da mai sauraro ya ji ne aka naɗa, har da muryar masu kira.

Mai son 'yan Kano da ke Legas ko Saudiyya su ji, sai ya ɗauki sauti daga mikisa ya tura da BUTT ko GlassCoder zuwa sabar Icecast. A kan kilobit 64 yana cin kusan gigabait 21 a wata in ba a kashewa. A yi kasafin datar kafin a yi wa jama'a alkawari.

Ajiyar abu biyu ce, kuma ɗaya ba ya amfani sai da ɗayan. Leƙa cikin `/var/snd` ka gani: babu sunan waƙa ko ɗaya, sai `100245_001.wav` da ire-irensa. Sunaye, wa'adi, agogo da jadawali duk suna cikin ma'adanar bayanai. In ta lalace ba ka da kwafi, ka zama kamar mai sito a Dawanau da aka goge wa sunayen da ke jikin buhuna: kaya na nan, ba a san na wa ba ne. RDDbConfig na da maɓallin kwafe ma'adanar, a yi kullum ko aƙalla duk mako. Sautin kuma a kwafe shi zuwa rumbun waje:

`rsync -av /var/snd/ /media/rd/AJIYA/snd/`

Karon farko zai daɗe, bayan nan sababbi kaɗai yake ɗauka. Rumbun kada ya kwana a situdiyo, ya tafi gida da manaja ko injiniya. A samu wata kwamfuta a gwada mayar da kwafin a kanta, a ga ya buɗe, waƙa ta fito da sunanta. Sabunta Linux ko Rivendell kuma kada a yi shi ranar Juma'a, ko ana jibi azumi, ko makon zaɓe. A zaɓi safiyar da injiniya zai wuni a tashar, a yi kwafi tukuna, na'urar ko-ta-kwana tana jone a mikisa.